Yadda unguwa za ta raini itatuwa tun daga bazara, ta dasa da damina, su kuma rayu

Duk wanda ya taɓa takawa a ƙasa cikin Marwa da tsakar ranar Afrilu ya san darajar dogon yaro. Rana na dukan ƙeyarka, ma'aunin zafi ya haura 40, sai ka shiga titin da itatuwan suka haɗa kai ta sama, ka ji kamar an watsa maka ruwan randa. Mutane ne suka dasa su, suka kuma yi wahalarsu. Bayan farin shekarun 1970 gwamnatin Kamaru ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert, aka sake tayar da shi a 2008, a shekarar da Chadi ma ta soma kewaye Njamena da shingen itatuwa. Amma je ka sabbin unguwannin da ke fitowa a bayan gari ka gani: bulo da kwano ko'ina, ba inuwar da ko akuya za ta fake.

Shekarar farko da muka ce za mu gyara tamu unguwar, abin da kowa ke yi muka yi. An samo mana tsirrai kyauta, muka sa rana, aka yi gayya, aka ɗauki hotuna, aka ci shinkafa, aka watse. Damina ta riƙe mana su har Satumba. Kafin wata bazarar ta zagayo, abin da awaki suka bari gara ta ci, abin da gara ta bari ƙishirwa ta ƙarasa. Na zaga da ƙafata na ƙirga, waɗanda suka rayu ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma kowannensu a ƙofar gidan wani yake wanda ya ɗauke shi nasa. Daga nan muka sake lale. Ga yadda muke yi yanzu, daga farkon Maris zuwa Mayun shekara mai zuwa.

A fara da ƙidayar masu riƙo

Kafin a sayi leda ko guda, a zauna a yi lissafin ruwa. Marwa na samun ruwan sama wajen milimita 800 a shekara, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Garwa ta ɗan fi, Kuseri da Njamena ba su kai ba. Ma'ana, ƙaramar bishiyar da aka dasa a Yuli za ta yi wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa daga sama, kuma wata ukun ƙarshe su ne mafi zafi a shekara. A raninta na farko tana bukatar kamar jarka guda mai lita 20 a mako. Bishiya 50, jarka 50 ke nan duk mako. Wa zai ɗebo? Daga wace rijiya ko wane famfo? In mai kura ne zai kawo, wa zai biya?

Saboda haka ba ma tambayar guda nawa za mu dasa. Muna tambayar mutum nawa ne suka ce "wannan tawa ce". A samu littafi mai bango mai ƙarfi, a bi gida-gida. Mai gida ya ce zai riƙe biyu, a rubuta biyu. Mai shayi ya ce yana son ɗaya a gefen teburinsa, a rubuta. Masallaci, coci, makarantar allo, makarantar boko, tashar 'yan babur, kowa a rubuta sunan mutum guda da za a tuhuma in itacen ya bushe. Kada a yarda a rubuta "matasan unguwa" ko "kwamiti", don abin da aka ce na kowa ne, ranar ɗiban ruwa ba shi da mai shi. Jimillar da ta fito a littafin, a ƙara mata kashi ɗaya cikin uku don maye gurbin waɗanda za su mutu, ita ce yawan abin da za a raina. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Mu itatuwa 60 muka riƙe a shekara ta biyu, kuma sun ishe mu aiki.

A shiga cikin gidaje ma, ba a tsaya a zaure kaɗai ba. Ruwan da zai raya itatuwan nan yawancinsa daga hannun mata zai fito: ruwan wanke hatsi, na ɗauraye shinkafa, na alwala. In ba a tambaye su abin da suke so a dasa ba, kada a yi mamaki in ruwan ya ci gaba da bin rariya.

Izini kafin diga ta taɓa ƙasa

Wannan matakin gajere ne amma tsallake shi na jawo rigima. A ƙasar nan dasa itace kamar kafa shaida ce cewa wuri naka ne, shi ya sa mai gona ba ya yarda wanda ya ara ko ya yi haya ya dasa mangwaro a ciki. Ɗan haya ya tambayi mai gida. Filin da ba a san mai shi ba, a bar shi sai an sani. Bakin titi da filin makaranta kuwa, a je wa jauro, wato mai unguwa, shi ya kai ku wurin lawan, basaraken da ke sama da shi, sannan a sanar da ofishin magajin gari don kada a dasa inda za a ja kwalbati ko a faɗaɗa hanya.

Da muka je gaban lawan ɗinmu, babbanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, izini muka zo nema da albarka." Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Na ji. Wa zai ba su ruwa?" Muka miƙa masa littafin. Ya bi sunayen da yatsa, ya ce a ƙara nasa, guda uku. A roƙi limami ma ya taɓo zancen ranar Juma'a. Hadisin da ke cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi ya fi kowace sanarwa shiga kunnen dattawa. Taron unguwa kuma a yi shi da Fulatanci da Hausa, kowa ya ji da kunnensa.

Me za a dasa, kuma a ina

A nan ne aka fi gardama. Kowa mangwaro yake so. Mangwaro kuwa ɗan gata ne: yana son ƙasa mai zurfi da ruwa a kusa, irin lambunan da ke bakin kogunan Marwa, wato mayo Kaliyawo da mayo Tsanaga, ko cikin gida kusa da wurin wanke-wanke. A bakin titi, kan tsandauri, asarar ruwa ce kawai. Wanda zai iya riƙe shi, gara ya sayi mai aure daga amintaccen mai lambu ko daga gonar gwaji ta IRAD, cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru, da ke Kismatari kusa da Garwa. Mai aure kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai an ninka haƙurin.

Bakin titi da filin makaranta na dogon yaro ne, ba shi da abokin takara wajen saurin girma da jure fari, ga shi bai zubar da ganye gaba ɗaya a lokacin da aka fi bukatar inuwa. Maɗaci ya fi shi kyau da daɗewa amma yana da jinkiri. Tsamiya ma haka, ta jikoki ce. Cikin gida a sa zogale, gwaiba da lemun tsami. Gona kuwa ta gawo ce, don shi damina yake zubar da ganye ya bar hatsi ya sha rana, da rani ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya, ƙasar ƙarƙashinsa kuma ta fi ko'ina albarka. Shingen lambu a yi shi da bagaruwa ko magarya. Inda ƙasa ta mutu ta zama faƙo, wanda Fulani ke kira harde, aduwa da dakwara ne ke iya zama. Turare kuwa ni ban ba da shawarar a kai shi kusa da rijiya ko gona ba, shan ruwansa ya yi yawa.

Wata dabara da matan unguwarmu suka fi murna da ita: a shuka kuka a fangali, kusa-kusa kamar alayyafo, ba don ta zama bishiya ba, don a riƙa tsinkar ɗanyen ganye. Cikin 'yan watanni ake fara samun na miya.

Wurin raino

A nemi gida mai katanga da ƙofa, kusa da ruwa, da mutumin da ba ya yawan tafiya. Tsirrai 100 ba sa cin wuri, faɗin tabarma biyu ya isa har da wurin tsugunawa. A kafa rumfa mai tsayin ƙirji, a rufa ta da zana mai 'yan ƙofofi ko karan dawa a warwatse, yadda rana za ta riƙa ɗigowa. Inuwa mai duhu tana sa tsiro ya yi tsawo ba ƙwari. A kare gefen da iskar bazara ke bugowa. Kaji kuma abokan gaba ne, a san yadda za a yi da su tun farko.

Ƙasar cikin leda ita ce rabin aikin. Muna haɗa kwano biyu na ƙasar sama daga ƙarƙashin gawo ko tsohuwar gona, kwano ɗaya na yashin mayo, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki. A tankaɗe kowanne da rariya a fitar da tsakuwa da tsummokara da guntun leda. Baƙar lakar karal, wadda ake dasa masakwa a kanta, kada a zuba ta ita kaɗai: in ta jiƙe ta zama kamar tuwo, in ta bushe ta tsage ta tsinke saiwa. In ita kaɗai gare ku, a ninka yashin. Gwajin mai sauƙi ne. Jiƙa haɗin kaɗan, dunƙula a tafin hannu. In ya dunƙulu, ka taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya ƙi dunƙuluwa yashi ya yi yawa, in ya ƙi wargajewa laka ta yi yawa.

Taki kuma lallai ya zama tsoho, wanda ya yi baƙi, ba wari, ba zafi in ka cusa hannu. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. In babu tsoho, a haƙa rami tun Janairu ko Fabrairu, a riƙa jera shara mai ruɓewa, kashin dabbobi da ɗan toka, a yayyafa ruwa, a juya duk bayan mako biyu. Wata biyu zuwa uku ya nuna.

Baƙar ledar raino mai tsawon taƙi guda ita ce daidai, ta mangwaro ta fi haka girma. In kuɗi sun yi kaɗan, a sa yara su tattaro ledar ruwa da gwangwanin madara da gorunan roba, a yanke kai, a huda gindi wuri uku ko huɗu. Sau biyu ke nan aka ci riba, don kwatar unguwa ma ta samu sauƙi. A cika leda, a ɗan buga gindinta a ƙasa don ta zauna, a bar kamar faɗin yatsa biyu a sama saboda ruwa. A jera su a tsaye, manne da juna, goma-goma a layi don ƙirga ta yi sauƙi, a tokare gefe da bulo. A ba su ruwa kwana biyu kafin shuka.

Iri, da yadda ake tashinsa daga barci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsiro na bukatar wata 3 zuwa 4 a leda, don haka wanda zai dasa a Yuli, shukarsa daga tsakiyar Maris ce zuwa tsakiyar Afrilu. Mutanen Garwa su gabato da mako biyu ko uku, don ruwansu kan riga namu sauka.

A ɗebi iri daga itace lafiyayye, kuma daga itatuwa da yawa, ba guda ɗaya ba. A zuba a ruwa, mai nauyin da ya kamata ya nutse amma ya taso sama, a zubar, ƙwaro ya riga ku. Daga nan kowane iri da halinsa.

Gawo, bagaruwa da kuka suna da ɓawo mai tauri, in ka shuka su haka nan sai ka yi wata kana jira. A tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba a kan irin, a bar shi ya kwana ya wuni. Waɗanda suka kumbura a shuka su nan take, waɗanda ba su kumbura ba a sake musu. A kula: sauke ruwan ake yi kafin a zuba, ba a dafa iri a kan murhu. Wani yaronmu ya taɓa dafa mana kwano guda na irin kuka, da niyyarsa ta alheri. In irin kaɗan ne, a kankare gefensa a kan dutse ko a ɗan ɓantare da abin yanke farce, nesa da idon. Akwai kuma hanyar makiyaya: je turken awaki ko garken da aka ba 'ya'yan gawo, ka tsinci irin daga cikin kashinsu. Cikin dabba ya riga ya yi maka aikin.

Tsamiya kwana ɗaya a ruwan ɗumi ya ishe ta. Aduwa a cire zaƙin, a jiƙa ƙwallon kwana ɗaya zuwa biyu. Magarya a fasa ƙwallon a hankali a fitar da 'ya'yan ciki. Zogale ba ya son komai, cikin mako guda zuwa biyu ya fito, kuma saurinsa ya sa ba a shuka shi sai Mayu, ko ma a jira ruwa a shuka shi kai tsaye. Dogon yaro da maɗaci kuwa irinsu ba ya ajiyuwa, 'yan makonni ya mutu. A tsinci sabon faɗuwa, a wanke, a shanya a inuwa, a shuka. In ba a samu sabo ba, a duba ƙarƙashin manyan itatuwa inda ruwa ke zuba, akwai 'yan tsirrai da suka fito da kansu. A cire su da ƙasarsu da yamma a mayar cikin leda. Ƙwallon mangwaro kuwa bazara lokacinsa ne, ko'ina a yashe yake. A ɓare ɓawon da wuƙa, a shuka na cikin tun bai bushe ba.

Zurfin shuka kamar kaurin irin sau biyu. Biyu-biyu a kowace leda, in duk sun fito a bar mai ƙarfin, a yanke ɗayan da almakashi. Kada a fizge, zai girgiza saiwar ɗan'uwansa.

Raino har ruwa ya sauka

Ban ruwa safe da yamma, da gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa, don ruwan ya sauka kamar yayyafi. Leda 100 kan sha jarka ɗaya zuwa biyu a rana in zafi ya tsananta. A cusa yatsa a gani: danshi ake so, ba caɓi ba. In ka ga tsirrai na faɗuwa daga gindi kamar an tsunkule su, ruwa ya yi yawa kuma iska ba ta shiga. A rage ruwa, a ɗaga rumfa. A rubuta jadawalin masu ban ruwa a manna a ƙofa, in azumi ya faɗo cikin wannan lokaci a mayar da na yamma bayan la'asar sosai, a ba yara.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne ɗaga leda. Saiwar gawo da ta tsamiya ƙasa suke nufa kai tsaye, mako kaɗan sun huda gindin leda sun kama ƙasa. In aka bar su har ranar dashe, za a fizgo su ne a tsinke uwar saiwar, kuma tsiron zai yi yaushi a hannunka. Duk bayan mako biyu a ɗaga kowace leda, a yanke abin da ya leƙo da wuƙa mai kaifi, a mayar, a ba da ruwa. Wasu kan shimfiɗa tsohon buhu ko leda mai kauri a ƙasa tun farko, hakan na taimakawa amma bai ɗauke aikin ba. Gara in ta ɓullo, a barbaɗa toka a kewaye, a daka ganye ko 'ya'yan dogon yaro a jiƙa a yayyafa.

Saura mako uku a dasa, a fara horar da su. A zare zanar rumfa kaɗan-kaɗan har su wuni a rana, a mayar da ban ruwa sau ɗaya. Tsiron da aka ɗauko daga inuwa aka kai fili rana ɗaya, ko ya rayu sai ya yi jinya.

Ramuka da kariya, tun kafin ranar

Ranar 5 ga Yuni ita ce ranar muhalli ta duniya, 17 ga Yuni kuma ta yaƙi da hamada, kuma a ranakun nan ake son bikin dashe. A ganina, a ƙasarmu sun yi wuri. Ruwan farko mayaudari ne, yakan sauka sau ɗaya ya ɗauke mako biyu. A yi amfani da ranakun wajen gayyar haƙa rami da haɗa kariya, dashen a jira shi.

Rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, wato wajen santimita 50. A tsandauri da na mangwaro a ƙara. Ƙasar sama a ajiye ta gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A haɗa ta saman da kwano biyu na ruɓaɓɓen taki da ɗan toka, a mayar cikin ramin, a bar ruwan farko ya zaunar da ita. Tsakanin dogon yaro da ɗan'uwansa taku 8, mangwaro da gawo taku 10 zuwa 12. A nisanci katanga da masai da aƙalla taku 4, a ɗaga kai kuma a duba wayar lantarki. Yau tsiro ne a tafin hannu, shekara biyar masu gyaran wuta ne za su zo da adda.

A kan faƙo mai gangare rami kaɗai bai isa ba, ruwa wucewa yake yi. A haƙa rabin wata: baka mai faɗin taku 3 ko 4, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka haƙo a yi mata kunya a bayansa, itacen a cikin bakan. Ita ce hikimar da ke cikin ramukan shuka masu tara ruwa, waɗanda ake kira "tassa" a Nijar, "zai" kuma a Burkina Faso, wadda marigayi Yakuba Sawadogo ya farfaɗo da ita har ya mayar da faƙo daji.

Kariya kuwa a gama ta kafin tsiro ya bar gida. Akuyar gari ba ta jiran gobe. Mafi arha ƙaya ce: sanduna huɗu, a kewaye da rassan magarya ko aduwa, a ɗaure. Amma da rani masu neman makamashi kan zare ta. Zana iska na kayar da ita, gara na ci. Wanda ya fi daɗewa shi ne bulon ƙasa da aka jera da tagogi, zagaye, tsayin ƙirji, faɗin da reshe ba zai leƙo ba, sai dai a lulluɓe samansa don ruwan Agusta. Mai hali ya sa ragar waya. Mu kowane gida kan ba da dala ashirin a mako daga Maris, kuɗin leda da igiya da waya daga nan suke fita.

Ranar dashe

A jira sai ruwa ya zauna, an yi manya biyu ko uku a jere, ka haƙa kamu guda ka tarar da danshi. A Marwa yawanci cikin Yuli ne. Kada kuma a wuce farkon Agusta, don tsiro na bukatar aƙalla wata biyu na damina ya kafa saiwa. A zaɓi yamma ko ranar hadari. A shayar da tsirran da safe, a ɗauko su a baro ko daro, a riƙe ta leda, ba ta wuya ba.

Kowa shi zai dasa nasa da hannunsa. A buɗe rami daidai tsawon leda. A yanke gindin ledar da reza kamar kaurin yatsa, don saiwar da ta naɗe a ƙasa ta fita, a tsaga gefe, a zare ledar ba tare da ƙasar ta wargaje ba. Na sha tono matattun itatuwa na tarar da su cikin ledarsu, don haka a bi a duba, ledojin kuma a tattara a ƙirga, yawansu ya zo daidai da yawan ramuka. Wuyan tsiro ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, kada a binne shi. A mayar da ƙasa, a taka da diddige a kewaye, a yi masa ɗan kwano mai riƙe ruwa. A lakar karal kuwa akasin haka, a ɗan ɗaga shi kan tudu don kada ruwa ya kwanta masa. A zuba rabin jarka ko da ƙasa na da danshi, a rufe kariya, a rubuta lamba a littafi gaban sunan mai shi.

Masu gona su tuna akwai hanyar da ba ta bukatar leda ko kaɗan. Kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai, saiwarsu na nan ƙasa. A zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a yanke sauran, a sa alama da tsumma don mai huɗa ya kauce. Sassaben zamani ke nan, wanda ya yaɗu daga yankin Maraɗi tun shekarun 1980, kuma itacen da aka raina haka ya fi na dashe saurin girma nesa ba kusa ba.

Rani na farko

Da damina aikin kaɗan ne: cire ciyawa, gyara kariya, maye gurbin wanda ya mutu kafin farkon Agusta ya wuce. Daga Nuwamba ake shiga ainihin aikin. Jarka guda a mako, a zuba ta gaba ɗaya ko a raba biyu, da yamma. Yayyafin kullum ba shi da amfani, yana sa saiwa ta tsaya a sama maimakon ta bi ruwa ƙasa. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, a bar faɗin tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen saboda gara. Wanda ke da tsohon tulu mai tsatsafo ya binne shi gefen itacen har wuya, ya riƙa cikawa yana rufewa, ruwan zai riƙa tsattsafowa daidai wurin saiwa. Gorar roba da aka huda da allura ma na yi. Ruwan wanki mai omo da yawa kada a kai wa ƙaramin itace.

Dogon yaron da ya fi kowanne girma a cikin namu na bakin masallaci ne. Ladan ya ja 'yar rariya daga wurin alwala zuwa gindinsa, sau biyar a rana yana sha, ba wanda ya taɓa ɗaukar masa jarka.

Duk Juma'ar farkon wata mutum biyu su zaga da littafi. Wanda itacensa ya yi yaushi a yi masa sallama a tambayi lafiya, sau da yawa za a tarar tafiya ya yi ko ciwo ya kwantar da shi, sai a ba maƙwabci riƙo. Maris, Afrilu da Mayu a mayar da zagayen duk mako biyu, a nan ne ake asara. Ƙarshen Mayu a yi ƙidaya ta gaskiya: nawa suka rayu, waɗanne iri, a wane wuri, a hannun wa. Wannan adadin shi za a duba wajen yanke yawan ledar da za a cika a shekara mai zuwa. Kariya kuwa ba a cire ta sai kan itacen ya wuce inda akuya ke kaiwa in ta miƙe a kan ƙafafun baya. Dogon yaro kan kai nan a shekara ta biyu, gawo da tsamiya sai an ƙara musu biyu ko uku.